React ko Angular: tambayoyi biyu da ake tsallakewa kafin a fara gina manhaja

Duk inda matasa masu rubuta manhaja suka haɗu a Kano ko Kaduna ko Abuja, da wuya a watse ba a yi musu a kan React da Angular da Vue ba. Waɗannan su ne ginshiƙan da ake ɗora fuskar manhajar intanet a kansu, wato ɓangaren da mai amfani yake gani yana latsawa: fom ɗin rajista, shafin duba sakamakon jarrabawa, wurin biyan kuɗi. Musun yakan tsaya ne a kan wanne ya fi tashe a bana. Amma makaranta ko asibiti ko ma'aikatar da za ta biya kuɗin aikin, abu biyu ne ya kamata su dame ta: wa zai ci gaba da kula da manhajar bayan shekara biyar, kuma a wace irin waya za a buɗe ta.

Labarin AngularJS ya isa jan kunne. Kamfanin Google ya fito da shi a 2010, kamfanoni suka yi rububinsa, sai ga shi a 2016 an fito da Angular 2, wanda aka sake rubutawa tun daga tushe da harshen TypeScript. Wanda ya yi gini a kan tsohon ba shi da hanyar ƙaura cikin sauƙi, sai dai ya rushe da yawa ya sake. A ƙarshen 2021 Google ya daina kula da AngularJS gaba ɗaya, ma'ana ko an gano ɓarakar tsaro babu mai toshe ta a hukumance. Haka Vue 2 ya kai ƙarshen wa'adinsa a ƙarshen 2023. Girman kamfanin da ke bayan ginshiƙi bai hana shi mutuwa ba.

React, wanda Facebook ya saki a 2013, ya fi riƙe amana ta wannan fuska. Ko da ya sauya salon rubutu a 2019, tsohon salon bai daina aiki ba. Ga shi kuma ya fi kowa yawan ma'aikata, kuma wannan hujja ce mai nauyi: idan wanda ya gina manhajar ya samu aiki a Turai ya tafi, samun magajinsa ba zai yi wuya ba. Sai dai React nuna shafi kawai ya iya. Zirga-zirga tsakanin shafuka, tantance fom, adana bayanai, kowanne sai an aro masa wani kundi daga rumbun npm, kuma kowane kundi da mai shi. A watan Maris na 2016 wani marubuci ya janye ɗan kundinsa mai suna left-pad, layi 11 kacal, ayyuka masu tarin yawa a duniya suka tsaya cak. Angular na yanzu yana zuwa da yawancin kayan nan a haɗe, don haka ya fi dacewa da babbar tawaga, amma koyonsa da wuya, kuma sabunta shi aiki ne da ba ya ƙarewa.

Tambaya ta biyu ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Mai gina manhaja yana gwada aikinsa a kwamfuta mai ƙarfi da intanet ɗin ofis. Ɗalibar da za ta yi rajista kuwa tana riƙe da ƙaramar itel ko Tecno, da datar da ta saya ta kwana ɗaya, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Duk JavaScript ɗin da aka cusa, sai wayarta ta sauke shi sannan ta sarrafa shi kafin maɓalli ya amsa, kuma sarrafawar ce ta fi wahalar da ƙaramar waya. Ko a Birtaniya, masu kula da shafin gwamnati na GOV.UK sun cire jQuery a 2022, abin da bai wuce kilobayit 30 da 'yan kai ba, domin sauƙaƙa wa masu tsofaffin wayoyi. Svelte, wanda Rich Harris ya fara a 2016, yana rage wannan nauyi tun a wajen haɗa manhajar, sai dai masu iya shi ba su da yawa a nan.

Akwai ma abin da ba a son faɗa: da yawa daga ayyukan da ake kira masu sarƙaƙiya ba su kai ba. Shafin da fom ne da jadawali, Laravel ko Django za su iya haɗa shi daga uwar garke su turo wa waya a shirye. Manyan ginshiƙan sun cancanci nauyinsu ne inda allo ke sauyawa kowane lokaci, kamar manhajar lissafin kaya ko ta bibiyar majinyata.

Shugaban da bai san kod ba ma yana da abin yi kafin ya sa hannu a kwangila. Ya nemi a rubuta masa sunan ginshiƙin da sigarsa, da ranar da masu shi za su daina kula da ita, da wanda zai biya kuɗin sabuntawa. Ranar miƙa aiki kuma, a ajiye kwamfutar ɗan kwangila gefe, a ari wayar mai gadi ko ta masinja, a kashe intanet ɗin ofis, a cika fom ɗin daga farko zuwa ƙarshe da data.