Ɗakin Da Ba Shi Da Taga Biyu

A ranar 3 ga Fabrairu 1976 ne marigayi Janar Murtala Muhammed ya shaida wa ƙasa cewa za a ɗauke babban birnin Tarayya daga Ikko. Babbar hujjar da kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ya kawo ita ce cunkoso, watau Ikko ta cika ta batse, ba ta da wurin faɗaɗawa. Aka yanki fili mai faɗin murabba'in kilomita wajen 8,000 a tsakiyar ƙasa, aka kuma tare a cikinsa ranar 12 ga Disamba 1991. To, amma duk ɗan Arewa mazaunin Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun da ya taɓa kai wa ɗan'uwansa ziyara a Nyanya, ko Mpape, ko Karmo, ko Dei-Dei, ya san cewa ɗakin da ya baro a Kurmi shi ya tarar a can: ciki ɗaya, rufin kwano ba silin, taga guda ƙarama tana duban bangon maƙwabci, mutum shida ko bakwai suna kwana.

Rushe-rushen da aka yi tsakanin 2003 da 2007 sun daɗa tura talakawa bayan gari, masu gidajen haya kuwa suka ga kasuwa ta buɗe, suka dinga jera ɗakuna baya da baya don kada taƙi ɗaya na fili ya tafi banza. Wanda ya fi kowa biyan kuɗin wannan rowa shi ne yaro, domin ya fi babba saurin numfashi, kuma in aka auna da girman jikinsa ya fi shi shaƙar iska.

Ga yadda abin yake. Iskar da mutum ke fitarwa daga huhunsa tana ɗauke da abin da masana ke kira kabon dayoksaid. A sarari, cikin kashi miliyan ɗaya na iska, wannan bai wuce kashi 420 da 'yan kai ba. A rufaffen ɗakin da mutane ke kwana kuwa, kafin asuba yakan haura 2,000. A shekarar 2016 masana a wata jami'ar fasaha ta ƙasar Denmark suka buga sakamakon gwajin da suka yi da ɗalibai a ɗakunan kwanansu. Daren da aka shigar da sabuwar iska, barcinsu ya fi daɗi, washegari ba su cika gyangyaɗi ba, sun kuma fi ƙoƙari a jarrabawar tunani. Tun a 2007 masana na wannan jami'a sun nuna cewa yara 'yan shekara 10 zuwa 12 sun fi saurin aikin lissafi da karatu idan aka ƙara iskar da ke shiga ajinsu. Wannan fa a ƙasar sanyi ke nan. Ina ga Abuja cikin watan Maris, lokacin da kwano ke wuni yana shan rana, da dare ya sauke wa masu barci zafinsa?

Likitoci sun ce yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12. Wanda ya kwana yana juyi cikin zufa, da safe malami ya ce masa daƙiƙi, uba ya ɗauki bulala, ko kuwa ya ƙara kashe kuɗin darasin yamma, alhali ciwon yana jikin bango.

Har ila yau akwai hayaƙi, shi ne ma ya fi muni. Tun da kananzir da gas suka yi tsada, gidaje da yawa sun koma ga gawayi, kuma da damina a bakin ƙofar ɗaki ake hura shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2, cikinsu har da yara sama da 237,000 da ba su kai shekara biyar ba. Maganin sauron nan mai hayaƙi da ake kunnawa a rufe ƙofa, wani bincike na 2003 ya gano cewa guda ɗaya yana fitar da ƙurar hayaƙi daidai da karan sigari 75 zuwa 137. Ƙaramin janareta kuwa da ake shigarwa lungu don tsoron ɓarayi, gubarsa ba ta da launi ba ta da wari, kuma ta sha kwantar da iyali gaba ɗaya ba su tashi ba.

Lalle masu rufe taga suna da uzurinsu: ga sauro, ga ɓarawo, ga ƙurar hunturu. Amma raga da sandunan ƙarfe suna tare biyun farko, gidan sauro kuma ya fi hayaƙi amfani. Ƙurar hunturu ta 'yan watanni ce, bai kamata ta sa a toshe taga da kwali shekara guda cur ba. Magabata a Kano da Zazzau ɗakunansu ba su da manyan tagogi, gaskiya ne, sai dai katangarsu ta ƙasa ce mai kauri, kuma da bazara a tsakar gida yara ke kwana. Gidan haya na bulo ya kawar da katangar, ya kuma cinye tsakar gidan.

Hukumar da ke ba da izinin gini a Abuja ta fi sanin Maitama da Asokoro. Ya kamata ma'aikatanta su riƙa leƙa ɗakunan haya da azuzuwan makarantun kuɗi na bayan gari kafin a zuba mutane a ciki. Amma da yawa daga cikin masu waɗannan ɗakuna 'yan kasuwa ne da ke neman abinci a Ikko da Anacha da Fatakwal, suna aika wa magini kuɗi ba su ga aikin ba. Mai aikawa ya gaya wa magininsa a fili: kowane ɗaki taga biyu a bango daban-daban, da 'yan kafofin iska a sama kusa da rufi, da rumfar girki a waje. Sarakunan Hausawa da limaman Sabo su ma su duba ɗakunan da almajirai da 'yan Islamiyya ke kwana da karatu a unguwanninsu kafin zafin bazara ya kama.