Maganin Farfaɗiya Muke Gudu, Kodin Muke Sha

'Yan'uwana mata, yau da ku nake, kuma wadda maganar ta taɓa ta yi haƙuri, don ba zan sakaya ba.

Akwai wata yarinya a layinmu, shekararta goma sha bakwai, har an sa ranar aurenta. Tun tana 'yar shekara tara take faɗuwa, jikinta ya sandare, ta yi ta jijjiga, kumfa na fita a baki. Shekara takwas cur uwarta tana ɓoye abin. An yi hayaƙi, an yi turare, an sha rubutu, an yanka baƙar kaza, an kai ta ƙauye har sau uku, wai aljani ne ya aure ta. Asibiti kaɗai ba a taka ba, kada maƙwabta su ji a rasa mijin aure. Rannan tana suyar awara a tsakar gida ciwon ya tashi, ta kifa cikin kaskon mai. Sai da hannu ya ƙone sannan aka ga likita, shi ne ya bi diddigi ya ce farfaɗiya ce, ya rubuta mata ƙwayar carbamazepine, wadda aka fi sani da Tegretol.

Da na shiga dubiya, uwar ta jawo ni ɗaki ta ce, "Maƙwabciya, ni fa ba zan ba ta wannan ƙwayar ba. Ta mahaukata ce, an ce in mutum ya fara ba ya dainawa." Wallahi sai da na rasa bakin magana. Domin ni na sani, ita ma ta san na sani, tun ranar da maigidanta ya ƙaro aure ba ta runtsawa sai ta haɗiyi Valium, wadda yara ke ce wa D5. Ba likitan da ya rubuta mata. Almajirin gidan take aika kemis.

To wannan shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Inda maganin zai yi ceto, nan muke gudunsa. Inda zai halaka mu, nan muke binsa da kuɗin cefane.

Bari in faɗa miki abin da likitoci suka bayyana, a sauƙaƙe. Ƙwaƙwalwa tana aika saƙo ga jiki ne ta jijiyoyi, da wani ɗan lantarki da Allah Ya halitta a cikinta. Idan wani sashe ya rikice ya saki lantarkin gaba ɗaya babu tsari, shi ne mutum ke faɗuwa. Me ke rikita shi? Doguwar naƙuda da jariri ya rasa iska, zazzaɓin cizon sauro da ya haura kai, buguwa a ka, ko sanƙarau irin wanda ya yi mana ɓarna a Arewa a 1996. Wani lokacin kuma ba a gano dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ke da wannan ciwo a duniya, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya rayuwa babu faɗuwa in sun samu magani daidai. Shin duk aljanu ne suka aure su, har da Turawan Ingila da mutanen Sin? Kuma wane irin aljani ne ƙwaya 'yar mitsitsiya ke kora safe da yamma?

Maganin ma ba baƙo ba ne. Phenobarbital tun 1912 ake ba masu farfaɗiya, kuma yana cikin mafi araha. Aikin irin waɗannan magunguna shi ne su kwantar da wancan lantarki kada ya yi ambaliya. Valium ɗin nan ma da muka mayar abin barci, asalinta magani ce mai daraja. Idan yaro ya kama jijjiga ta ƙi tsayawa, da ita ake tsayar da ita a asibiti cikin 'yan mintoci. Laifin ba na ƙwayar ba ne.

Na san za a ce ai magungunan suna da illa. Suna da ita, ban musa ba. Suna sa barci da jiri, musamman da farko. Tegretol kan fesa wa wasu ƙuraje, wanda in an gani sai a koma asibiti a ranar, ba a jira. Ita da phenobarbital suna rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa. Akwai kuma sodium valproate, wato Epilim, wadda ke iya yi wa ɗan tayi mummunan lahani, shi ya sa mace mai shirin ɗaukar ciki dole ta sanar da likita tun kafin cikin ya shiga. Amma ki lura, duk wannan dalili ne na a riƙa zuwa wurin likita, ba na a guje shi ba. Kuma mafi haɗari shi ne abin da muka fi yi, wato da an ga wata biyu ba faɗuwa sai a ce ta warke a watsar da magani. Yankewa farat ɗaya na iya tayar da jijjigar da ba ta tsayawa, har a rasa rai. Likita ne ke rage shi a hankali, galibi bayan shekara biyu ko fiye babu faɗuwa.

Wata kuma za ta ce, "Wato ke ba ki yarda da aljanu ba ke nan?" Na yarda mana. Ki yi wa 'yarki addu'a dare da rana, ba wanda ya hana ki. Amma in mijinki na da hawan jini, ai addu'a kike yi kuma ki miƙa masa ƙwayarsa da ruwa. Me ya sa ciwon ƙwaƙwalwa ne kaɗai ba shi da rabo a asibiti? Ko ita ba tsoka ba ce a jikin mutum?

Yanzu mu juyo ɗaya gefen, inda kunyar take. A 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa kwalabe miliyan 3 na maganin tari mai kodin ake sha kullum a Kano da Jigawa. A 2018 BBC ta fito da fim ɗin binciken da ya tona yadda ake safararsa, cikin kwanaki kaɗan gwamnatin tarayya ta hana yinsa da shigo da shi. Binciken da aka yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a wannan shekarar ya ce mutum miliyan 14.3 ne a Nijeriya suka yi mu'amala da kayan maye, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Ba 'yan daba kaɗai ba ne. Mu ne, matan aure da 'yan mata, a gidan biki, a ɗakin amarya, ana juyewa cikin kwalbar lemo ana miƙa wa juna, wai a manta da kishiya. Kishiyar kuwa tana nan daram in an farka.

Kodin da Tramadol 'yan gida ɗaya ne, magungunan kashe raɗaɗi ne da ake bayarwa bayan tiyata ko karaya, na ɗan lokaci. Jiki yana sabawa da su, yau ɗaya gobe uku. In aka haɗa su da Valium ko rochi, numfashi ne ke raguwa cikin barci, sai a wayi gari a ce ai lafiya lau ta kwanta. Ga abin da zai ba ki mamaki: Tramadol in ya yi yawa shi kansa jijjiga yake kawowa. Kin ga ke nan ciwon da muke ƙyama a jikin 'yar mutane, shi muke saye da kuɗinmu.

Ban wanke maza ba. Mai kemis ɗin da ke miƙa wa yaro ɗan shekara goma ƙwayar barci babu takardar likita ya san abin da yake yi. Haka maigidan da matarsa ta yi wata uku ba barci, tana kuka ba dalili, bai taɓa tambayarta me ke damunta ba. Wannan damuwa ce, ciwo ce mai magani, kuma akwai masu duba ta a Dawanau a Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Amma mu mun gwammace a sha a ɓoye da a gan mu a ƙofar asibitin ƙwaƙwalwa.

Kuma don Allah, in wani ya faɗi a gabanki kada ki gudu. Miyau ba ya ɗauke da farfaɗiya, ba a ɗaukarta ta kwano ko ta shimfiɗa. Ki janye shi daga wuta da ruwa, ki sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, ki juya shi ta gefe. Kada ki cusa cokali a baki, kada ki ɗura masa komai. In ta wuce minti biyar, sai asibiti.

Yarinyar nan dai dangin mijin sun aiko a mayar musu da kayansu. Yayarta ce ta tsaya kai da fata, ta ɗauke ta zuwa gidanta tana ba ta maganin da hannunta. Wata goma sha huɗu ke nan ba ta faɗi ba, ta koma Islamiyya, tana koyon ɗinki da hannun da ya ƙone. Uwar kuwa har yanzu cewa take aikin malamin ƙauye ne ya fara ci. Jiya da magariba na haɗu da almajirinta a bakin kemis, ya dunƙule ɗari biyu a hannu.