Murhu Mai Farin Jiki a Gidajen Gwantu

Murhun gawayi ko na itace mai hasken launi ya fi baƙin kurfoti kyan gani a madafa, amma fenti ba ya dafa tuwo. A Gwantu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sanga, damina takan kai daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma ɗanyen itace yana turnuƙe farin murhu da baƙin hayaƙi cikin 'yan kwanaki. Fentin da bai jure zafi ba yakan koma ruwan ɗorawa, ya ɓare a bakin wuta, tsatsa ta shiga. Don haka farin da ya fi ƙarko shi ne na ƙarfe marar tsatsa, irin na murhun Save80 mai cin ƙananan ƙirare, wanda toka da tsumma ke wankewa. Kafin launi, ya kamata mai saye a kasuwa ya ɗaga murhun ya ji nauyinsa, ya duba ko akwai yumɓu a ciki mai riƙe zafi, da ƙofar iska mai rufuwa, da ƙafafun da za su ɗauki babbar tukunya. Ko wane launi ne, ba a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, domin iskarsa tana kisa ba tare da wari ba.