Tsohon Kare Ma Yana Da Hakki

A Muchalla, ta ƙasar Mubi, kare ke gadin gida da awaki idan magidanta sun tafi Kurmi neman abinci. Amma da ya tsufa sai a bar shi da kaska da tsutsar ciki, ba mai kula. Wannan sakaci ne babba. Karen da ba a yi wa allura ba yana iya kawo ciwon hauka cikin gida, kuma idan alamunsa suka bayyana ga mutum, da wuya ya tsira. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar. Saboda haka ya kamata masu aika kuɗi gida su ware na malamin dabbobi kowace shekara. Rigakafi ya fi magani.