Bayan Windows 10: A Duba Kafin A Sabunta, A Duba Kafin A Saya

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, babbar manhajar da ya fitar a watan Yulin 2015, wadda har yanzu ita ke tafiyar da kwamfutoci da yawa a gidajenmu da makarantunmu. Kwamfuta ba za ta mutu saboda wannan ba. Za ta kunnu, za ta yi aiki kamar jiya. Abin da ya tsaya shi ne gyare-gyaren tsaro da ake aikowa kowane wata don toshe kafofin da masu kutse ke bi. Kamar gida ne da mai gadinsa ya ajiye aiki: katanga tana nan, amma duk ramin da aka haƙa ba mai cikewa.

Mun taɓa ganin illar irin wannan. A watan Mayun 2017 muguwar manhajar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da na asibitocin Birtaniya, ta nemi kuɗin fansa. Kafar da ta bi kuwa an riga an fitar da gyaranta tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba ne abin ya ci.

Microsoft na cewa a koma Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, kuma kyauta ce ga mai Windows 10 ta halal. Sai dai tana da sharuɗɗa: RAM gigabait 4, ma'ajiya gigabait 64, na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar kwamfuta irin Intel zubi na 8 ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama. A taƙaice, yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2017 ba su shiga ba.

A nan ne batun ya shafe mu kai tsaye. Daga Yamai zuwa Maraɗi, daga Kumasi zuwa Garwa, da yawanmu kwamfutar gwanjo muke saye, wadda ofisoshin Turai da Amurka suka gama amfani da ita. Don haka matsalar biyu ce. Ta farko, wadda ke hannunmu ƙila ba za ta ɗauki sabuwar manhajar ba. Ta biyu, kwamfutocin da ake fitarwa can saboda sun kasa cika sharuɗɗa, kasuwanninmu ne hanyarsu. Za a gan su fes, da farashi mai sauƙi, ɗalibi ya zuba kuɗin da ya daɗe yana tarawa, alhali an riga an yi musu ritaya. Araha ba ta ado. Idan sun mutu kuma a juji za su ƙare, kamar yadda aka daɗe ana gani a Agbogbloshie da ke Accra, inda matasa suka riƙa ƙona wayoyi don ciro tagulla suna shaƙar hayaƙi.

To mene ne abin yi? Mai kwamfuta ya fara da dubawa. Manhajar PC Health Check ta Microsoft tana faɗa masa ko na'urarsa ta cancanta. Idan TPM ne kawai ta ce babu, kada a yanke ƙauna: sau da yawa yana nan a kashe, mai gyara zai iya kunna shi a BIOS. Mai shirin saye kuma ya karanta lambar ƙwaƙwalwar kafin ya biya: i5-8250U zubi na 8 ne, ya shiga, i5-6300U zubi na 6 ne, bai shiga ba.

Wanda tasa ta cancanta, kada ya yi gaggawa. Ya fara kwashe takardunsa, kundin karatu, hotuna da rajistar makaranta zuwa filashi ko wata ma'ajiya ta waje. Ya cika batiri, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki na iya lalata komai. Ya tanadi intanet mai ƙarfi, don abin da za a sauke gigabait da yawa ne. Bayan an gama akwai kwana 10 na komawa Windows 10 idan firinta ko wata manhaja ta ƙi aiki.

Wanda tasa ba ta cancanta ba yana da hanyoyi. Akwai shirin ESU da ke tsawaita gyaran tsaro zuwa 13 ga Oktoba 2026, kan dalar Amurka 30, ko kyauta ga wanda ya haɗa saitin kwamfutarsa da asusun Microsoft. Wannan jinkiri ne, ba magani ba. Akwai kuma Linux Mint da Ubuntu, manhajoji ne na kyauta da ke tafiya a kan tsofaffin na'urori, sun wadatar wajen rubutu, lissafi da shiga intanet, ko da yake sai an ɗan koya.

Abin da muke jan kunne a kai shi ne masu gyaran da ke cewa za su ɗora Windows 11 a kan kowace kwamfuta. Dabarar tana yiwuwa, amma Microsoft ya bayyana cewa bai lamunce wa irin waɗannan na'urori ci gaba da samun gyara ba. Wadda aka sauko da ita daga shafin da ba a sani ba kuwa, tana iya zuwa da ɓarawonta a ciki.

Ƴan'uwa, kada tsoro ya sa mu jefar da kwamfuta mai lafiya, kada sakaci kuma ya sa mu bar sirrinmu da na jama'a a buɗe. Wanda ya iya dubawa a cikinmu ya duba wa maƙwabcinsa.