Ruwan farko ba shi ne damana ba

Wata shekara, cikin tsakiyar watan Mayu, aka yi ruwa da dare a Maraɗi, irin wanda ke sa mutum ya fito tsakar gida ya shaƙi ƙamshin ƙasa. Da safe na ɗauko irin kuɓewa da na yakuwa da uwargida ta adana cikin kwalba tun kaka, na shuka su duka a ƴar garkar da ke bayan ɗaki. Suka tsiro da kyau. Ni kuwa na daina ban ruwa, don a ganina damana ta sauka. Hadari ya yi ta haɗuwa gabas kowane marece, ya tada ƙura, ya kwashe shanya, ya watse ba ɗigo. Kafin ruwa na biyu ya zo an yi kusan mako uku, tsiron duk ya ƙone, kwalba kuma babu kome ciki. Har yau in aka yi ruwan farko sai ta dube ni ta ce, “Malam, a kawo maka kwalbar?”

Abin da ya same ni yana samun garake da yawa, na gidaje da na lakwal, daga Tawa har Damagaram. Ƙarshen bazara lokaci ne mai ruɗi. Zafin rana ya wuce digiri 40, iska ta juya ta fara kawo danshi daga kudu, sama ta yi ta alkawari. Masana sun daɗe da auna wannan ruɗin. Wani mai bincike da ya yi aiki a cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai, Sivakumar, ya fitar da ma'auni a 1988: ba a cewa damana ta kama sai an samu ruwa milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a yi fiye da kwana bakwai babu ruwa ba cikin kwana talatin da suka biyo baya. Ku lura da rabi na biyu na maganar. Ranar da ruwan ya sauka ba wanda ya isa ya ce damana ce. Sai an ga abin da ya biyo.

Manomin hatsi yana da hujjarsa in ya yi shuka da ruwan farko, ko ma ya yi binne kafin ruwa. Gonarsa babba ce, ba zai iya shayar da ita ba, dole ya yi caca. Mai garka ba ya da wannan uzuri. Taku goma ne tsakaninsa da randa. In zai shuka yanzu, ya shuka kaɗan, ya raba irinsa kashi biyu ko uku, kuma ya ci gaba da ban ruwa da sassafe da marece kamar ba a taɓa yin hadari ba. In kuwa ruwan sayen ƴan garuwa yake yi, ya jira.

Jiran ba zaman banza ba ne, nan ne ma aikin yake. Salati da shu da karoti na lokacin sanyi sun gama zamaninsu, a tuge su, kada a ɓata musu ruwa don tausayi. Abin da ya rage da rai, kamar tattasai da yalo da ƙananan itatuwa, a rufe gindinsu da busasshen ganye ko guntayen kara ko ɓawon gujiya, a bar ɗan fili tsakanin rufin da jikin tsiron saboda gara da ruɓa. Ƙasar da aka rufe tana riƙe sanyi har marece, wadda aka bari tsirara kafin azahar ta bushe. A yi wa ƙananan tsirrai ƴar rumfa ta zana, amma a kafa ta da ƙarfi, don iskar da ke gaban hadari ba ta da wasa. Ita ce ke kwaso rairayi ta yanke sabon tsiro ko ta binne shi. Saboda haka darni ya fi kome gaggawa, musamman ɓangaren gabas, inda hadarinmu ke fitowa. Kuma a wannan lokaci ne akuya ta fi kowa yunwa.

Akwai aikin da na ga mutane sun fi mantawa. Da rani fangali mai zurfi muke yi don ya tare ruwa. Da damana wannan zurfin ne ke kashe shuka. Ruwan Agusta in ya kwanta kwana biyu a gindin tumatir ko zogala, saiwa ta ruɓe. Yanzu ne ake tada kunya, a buɗe wa ruwa hanya, a duba inda indararo ke zuba. Kuma don Allah a nisanta garka daga gindin katangar ƙasa. Wanda ya ga gidajen da suka faɗi a damanar 2024, shekarar da tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe kuma aka ɗage komawa lakwal zuwa ƙarshen Oktoba, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Inda ƙasa ta yi tauri kuwa, ruwa na gudu bisa kanta, a ari dabarar manoman Tawa: a haƙa tassa, a zuba taki ruɓaɓɓe, a bar rami ya jira ruwa. Zogalar da ta yi tsawo a sare ta daidai ƙugu, za ta yi rassa inda hannu ke kai.

To, ga inda nake da magana da ƴan'uwana malamai. Garkar lakwal a wurinmu ƴar sanyi ce. Mu kafa ta a Nuwamba, mu nuna wa baƙi a Janairu, a Mayu kowa ya duƙufa kan jarrabawa, ƙarshen Yuni a rufe aji. Wato daidai lokacin da ruwa zai fara zuwa kyauta, lokacin ne muke juya mata baya. A Oktoba mu dawo mu tarar da ciyawa da kashin awaki, mu ce yara ba su da kula. Yaran ba su ne suka tsara kalandar ba.

Shawarata ita ce a kwashe garkar a kai ta gidaje kafin hutu. Tun yanzu kowane ɗan aji ya cika leda biyu ko uku da ƙasa da taki, ya sa irin zogala ko na kuka, a jera su inuwa a riƙa shayarwa. Ranar rufe lakwal ya tafi da nasa gida, ya dasa in ruwa ya zauna, ko ya jira 3 ga Agusta da ake dashen itatuwa. Abin da ya rage a harabar lakwal, kwamitin iyaye ya damƙa shi ga mutum ɗaya sananne, a yarda ya ci ganyen a bakin wahalarsa. “Kowa zai duba” shi ne ba wanda zai duba.

Na san abin da wasu iyaye za su ce: mun kai yaro karatu, ba noma ba, ga jarrabawa a gaba. Ina jin wannan, kuma ban yarda a mai da ɗalibai leburorin darakta ba, ko a bar wa ƴan mata ɗibar ruwa maza na wasan ƙwallo. Amma ku dubi wannan. A samu gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, a ɗora shi bisa turke nesa da bango da itace. Duk safiyar da aka kwana da ruwa, yaro ya tsoma abin awo ya rubuta zurfin a littafi. Milimita ɗaya lita ɗaya ce bisa fili mai mita ɗaya tsawo da faɗi. Milimita 20 kuwa lita 20 ke nan. Sai a tambaye shi lita nawa fangalinsa mai mita biyu da mita uku ya sha jiya. Wannan shi ne lissafin da ake ba shi a allo yana zare ido.

Ɗiyata ta biyu ce ke riƙe da littafin a gidanmu. Ruwan daren Talata milimita 9 ta auna. Na tona ƙasa da yatsa, danshin bai wuce gaɓa biyu ba. Kwalbar tana nan a rufe, mun dai ƙara wa darnin gabas turaka uku.