Leƙen Duniya: Yadda Masu Zana Fuskar Sarakuna Suka Sami Daraja A Faransa

A wannan mako za mu leƙa ƙasar Faransa ta zamanin Sarki Luwi na 14, tun ba a san na'urar ɗaukar hoto ba.

A wancan zamani, in basarake yana so a san kamanninsa a nesa, sai ya nemi gwanin zane a kan jan ƙarfe. Shi gwanin yakan sami farantin jan ƙarfe mai santsi, ya riƙa tsaga shi da wani ɗan ƙarfe mai tsini, layi bayan layi. Inda ake son duhu sai layukan su yi zurfi su matsu, inda ake son haske a sassauta hannu. Daga nan a shafa tawada ta shige tsagogin, a goge saman, a ɗora takarda mai danshi a matse. Da yake hoton a juye yake fitowa, kamar na hatimi, tilas gwanin ya yi aikinsa a juye tun daga farko. Faranti guda kuwa yakan fid da ɗaruruwan hotuna.

Babban gwanin wannan fanni shi ne Robert Nanteuil, mutumin birnin Reims, wanda ya rasu a Paris a 1678. Sau da yawa ba ya kwaikwayon zanen wani; mutumin yake zaunarwa a gabansa, ya zana shi da hannunsa, kana ya koma kan farantin. Ya zana Sarki Luwi da wazirinsa Mazarin sau da dama, har Sarki ya naɗa shi mai zanen fada.

To, amma akwai wata gardama: masu wannan aiki 'yan ƙwadago ne, ko kuwa masu fasaha? Da an lissafa su cikin masu sana'ar hannu, da sai ƙungiya ta yarje wa mutum kafin ya taɓa aikin. A 1660 Sarki ya yi doka a garin Saint-Jean-de-Luz, ya ce wannan fasaha ce mai 'yanci, kada a ɗaure ta da ƙa'idodin ƙungiya.

Sarautar ta kau bayan juyin mulkin 1789, amma fasahar tana nan. Mai karatu, ka ciro sabuwar takardar Naira dubu, ka shafa fuskokin da ke kanta. Kaushin da ka ji a yatsa, irin wannan bugu ne ya haifar da shi.

Sai mun sadu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.